Kwanciyar Hajja a Gindin Gada

Ni wanzami ne a Warzazat, garin da ba mai aske gemu. Masu shirya fim sun daɗe suna zuwa mana daga ƙasashen Turawa, kuma kusan duk labarin da za su ɗauka na mutanen dā ne, su kuwa a tunaninsu mutanen dā ba su san aska ba. Mai gemu ake fara ɗauka. Saboda haka daga mai facin keke har mai gasa masara, kowa ya saki nasa yana jiran kira, ni kuma ina zaune a shago ina korar ƙuda. Mutum ɗaya ne ke zuwa duk Alhamis in kwashe masa fuska tas, wato mijin yayata, Bassu u Addi. Shi ba ruwansa da gemu, don ba shi ake ɗauka ba. Alfadararsa ake ɗauka.

Bassu mutumin kan dutse ne, daga wani ƙauye da hanyar mota ba ta kai ba sai kwanan nan. Gajere ne, siriri, ga rowar magana kamar da kuɗi yake sayen ta. Da itace da gyaɗar dutse ya fara saukowa gari, a nan ya ga yayata Tuda a bakin murhun burodin unguwa, ya aure ta, ya zauna. Suka haifi ɗa guda, Idir, wanda ya girma ya tafi aikin kifi a Agadir. Alfadarar kuwa a kasuwar Lahadi ya same ta tana ƙarama, ba mai so, saboda kunnenta ɗaya a karye yake. Wannan kunnen ne daga baya Turawa suka haukace a kansa, wai yana ba ta kamar mai tausayi. Mu muka sa mata Hajja, domin babu wani gari mai tsarki da ba ta shiga ba a fim, ko da yake duk na katako ne da filasta, a bayan gidan mai na hanyar Marrakush.

Aikinta ɗaya ne, amma ba dabbar da ta iya shi a kudancin ƙasar nan sai ita. In mahayinta ya faɗi, sai ta tsaya, ta sunkuya ta shinshine shi, ta durƙusa, ta kwanta a gefensa, ta ɗora kanta a ƙirjinsa. Daga nan ko duniya za ta tashi ba ta motsi. A harba albarushi, a ƙona tanti, dawakai su wuce a guje, abokan gaba su zo su ja ragamarta, tana nan. Ba ta tashi sai Bassu ya tashe ta.

Abin da ya fi ba shi wuya wajen koya mata ba kwanciyar ba ce. Kowane alfadari a ƙasarmu, in mai shi ya faɗi a hanya, gida yake nufa. Da haka mutanen dutse ke sanin an yi hatsari: a ga dabba a ƙofar gida ba kowa a kanta, sai maza su ɗauki igiya su bi sawu. Wannan halin a jininsu yake, kuma shi Bassu ya yi shekaru yana cirewa daga jikin Hajja. Kullum da hantsi yana cikin busasshen kogi a gindin gada, ya faɗi, ta juya za ta gida, ya dawo da ita, ya sake faɗi. Ya sa yaran unguwa su ja ta, ya sa a kawo mata sha'ir har bakinta, in ta ɗaga kai a koma farko. Duk wanda ya bi gadar nan ya saba ganinsu kwance cikin tsakuwa, shi da ita, har an daina kallo.

Yadda yake tashin ta kuwa, ba wanda ya sani. Haka masu dabbobin fim suke yi tun abin da ya sami wani mai doki a garin nan, wanda ya nuna wa Turawa komai don ya burge su, suka saye dokin, suka ba shi hannu, suka tafi da abinsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Alamar kwanciya kowane ɗan wasa ana gaya masa, ai faɗuwa ce kawai. Alamar tashi kuwa ita ce abincin mai dabba. In darakta ya ce an gama, sai Bassu ya koma can bayan jama'a, ya yi tari, ya warware rawani, ya juya baya, ya buga ƙafa, duk don ya ɓatar da masu sa ido. Can sai a ga Hajja ta miƙe tana kakkaɓe jiki. Wani Bafaranshe ya taɓa sa kyamara a kansa a ɓoye, bai samu komai ba sai ƙeyar Bassu.

Wannan sirrin shi ne faɗan gidansu tun ina zuwa cin kuskus ɗin Juma'a da ƙuruciyata har na yi furfura.

"Baban Idir, kai fa mutum ne, ba dutse ba," in ji Tuda. "In ka kwanta ciwo tana ƙasa, wa zai tashe ta?"

"In na kwanta ciwo ba ta aiki."

"To ka gaya wa ɗanka."

"Wanda ke warin kifi? Ko gaishe ta ba ya yi in ya zo."

"Ga Hammu nan," ta ce, tana nuna ni da cokali.

Bassu ya dube ni sama da ƙasa. "In gaya wa wanzami? Gara in hau hasumiyar masallaci in faɗa da lasifika, aƙalla kurame ba za su ji ba."

Na ce, "Yaya Bassu, wuyanka fa duk Alhamis yana ƙarƙashin askata. Ka riƙa tauna magana."

"Yanka. In ka yanka, kai za ka je ka yi wa Hajja bayani."

Muka yi dariya, Tuda ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ya fi yarda da alfadara a kan matarsa ba. Shi kuma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya ci gaba da cin abincinsa. Gaskiya ita ce ba rashin yarda ba ne kawai. Bassu mutum ne da bai taɓa mallakar komai ba, ba gona, ba karatu, gidan ma na gadonmu ne. Wannan abu ɗaya ne a duniya da yake nasa shi kaɗai, kuma ina jin da ya faɗa wa wani, da ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa.

Bai damu da finafinan ba ko kaɗan. Wata rana ana nuna ɗaya a talabijin ɗin shagona, shago ya cika da masu gemu da suka zo neman fuskokinsu a cikin taron yaƙi. Aka zo inda jarumi ya faɗi da kibiya a wuya, Hajja ta kwanta ta ɗora masa kai, aka saki goge mai sa kuka. Wallahi na ga ƙatti suna share ido da gefen rawani. Bassu yana kan kujera da kumfa a fuska, ya leƙa ta madubi ya yi tsaki.

"Wannan jakin jarumin naku bai iya faɗuwa ba. Na ce masa ta dama, ya faɗi ta hagu, ya sa ta kwanta a kan dutse. Mako guda tana ɗingishi."

"Jakin nan fa an ce jirgin sama gare shi nasa na kansa," in ji wani.

"To ya je ya faɗo daga can, ko zai koya."

Shekaru suka ja. Aikin ya ragu, don an ce yanzu da na'ura ake zana dabba ta yi duk abin da ake so, ba ta cin sha'ir, ba ta harbi. Hajja ta tsufa, bakinta ya yi fari, ramuka suka fito a saman idanunta. Bassu ma ya fara riƙe bango in zai tashi daga sallah. Amma bai fasa zuwa gindin gada ba. Na ce masa, "Wa kake yi wa kuma? Rabon da a kira ku tun bara." Ya ce in ta kwana biyu ba ta yi ba sai ta ƙi cin abinci, wai tana ganin an sallame ta. Ban sani ba ko ita ce ke ganin haka ko shi.

Ranar da abin ya faru Talata ce, cikin sanyi, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu. Ya fita da hantsi kamar kullum. Yana tsakiyar kogin hawan jini ya buge shi, ya faɗi, faɗuwar gaske. Hajja ta yi abin da aka koya mata.

Rabin garin nan sun gan su. Motocin haya sun yi ta wucewa a kan gada. Mai kai burodi ya ce har ɗaga masa hannu ya yi. Wasu mata da suka je yankan ciyawa sun bi ta kusa da su, ɗaya ta ce, "Sannu da aiki, Baba Bassu," da bai amsa ba suka ce ai in yana aiki ba ya magana. Wani mai yawo da baƙi ya tsayar da motarsa, ya sauko da Turawa, suka jeru a kan gada suka ɗauki hoto, suka tafa. Bassu idonsa biyu, yana jin su. Wannan tafin har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina, kuma ba ni da wanda zan zaga, don da ni ne na wuce, hannu zan ɗaga.

A gida kuwa Tuda ta sauke tajin, miyarmu ta kasko, da azahar, ta rufe, ta jira. Maƙwabciya ta ce mata shiru Malam bai dawo ba. Ta amsa da abin da kowace mace ta ƙasar nan za ta amsa: "Lafiya lau ne. Da wani abu ya faru, da dabbar ta dawo." Ta faɗi haka har sau biyu, ta ci gaba da tankaɗe. Sai da aka kira la'asar tana alwala maganar ta dawo mata, ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta iso shagona ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya.

Mun same shi bakinsa ya karkace, ɓarin damansa ya mutu, jikinsa sanyi ƙalau sai inda alfadarar ta jingina da shi. Likita ya ce ɗumin nan nata ne ya hana sanyi ƙarasa shi, ya kuma ce da an kawo shi da wuri da an ceci harshensa. Duka biyun gaskiya ne, ban san wanda zan riƙe ba. Da ƙyar muka zare shi daga ƙarƙashin kanta. Muka sa shi a mota, na waiwaya, tana nan kwance, ta miƙe wuya a kan tsakuwa inda ƙirjinsa yake dā.

Washegari na koma da sha'ir da dabino. Ta bi ni da ido, ba ta ɗaga kai ba. Kafin azahar gindin gada ya cika. Kowa ya zo da iliminsa. Wani ya rantse tari ne, ya yi ta tari har ya shaƙe. Wani ya warware rawani ya naɗa, ya warware ya naɗa. Aka yi fito iri-iri, aka tafa, aka kira sunanta, aka faɗi kalmar da darakta ke faɗi da Turanci da Faransanci. Assu mai raƙuma, wanda suka yi shekaru ba sa ga-maciji da Bassu a kan wani aiki, ya zo da igiyoyi da 'ya'yansa, suka ɗaura mata suka ja. Ta saki jiki kamar buhun gishiri. Ai jan ma yana cikin abin da aka koya mata ta ƙi. Assu ya jefar da igiya ya zauna a kan dutse ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Bassu. Ka iya aiki." Yana faɗa yana hawaye.

Likitar dabbobi, wata yarinya 'yar birnin Fas mai suna Salwa, ta duba ta, ta ɗura mata ruwa da gora. Ta ja ni gefe ta ce, "Baba, babbar dabba ba ta jure doguwar kwanciya, nauyinta ne ke kashe mata ƙafa. Ga tsufa, ga sanyi. In ba ta tashi da kanta ba nan da gobe, ko ta so ba za ta iya ba."

Na tafi asibiti da wannan. Bassu yana kwance, Tuda na gefensa, Idir ya iso daga Agadir yana tsaye kamar baƙo. Na sunkuya na ce, "Yaya Bassu, Hajja na nan inda ka bar ta. Yau kam sai ka gaya wa wanzami." Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Ya sake, miyau ya zubo. Bai iya rubutu ba balle a ba shi takarda. Ya kama hannun damansa da na hagu yana ɗagawa, yana faɗuwa, yana ɗagawa, muka ɗauka ciwo yake masa, Tuda ta shiga matsa masa. Ya fizge, ya juya fuska bango. Ban taɓa ganin baƙin ciki irin wanda na gani a rabin fuskar nan da ta rage masa ba.

Likitan ya ce ba inda za shi. Tuda, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mai farin kaya ba, ta ce masa, "Ɗana, mutumin nan in ka riƙe shi dabbar ta mutu, gawa ka riƙe. Ni na san abin da na aura." Da safe ya bar mu muka ɗauke shi, bisa sharaɗin mu dawo da shi kafin azahar.

Muka kai shi a bayan akori-kurar Assu, muka sauke shi a kan kujerar shagona, muka ajiye shi kusa da ita. An lulluɓe ta da barguna, kowane gida ya kawo nasa. Da ta ji warinsa sai kunnen nan mai lafiya ya miƙe. Bassu ya sake kama mataccen hannunsa, ya kai shi bakinsa, ya haɗa da ɗayan kamar mai shan ruwa a tafi, ya hura. Iska ce kawai ta fita ta gefen leɓensa. Hannun ya zame ya faɗi a cinyarsa.

Assu ne ya gane. Ya ce, "Kurciya. Kukan kurciya yake yi da hannu. Shi ya sa yake juya baya." Garin nan cike yake da kurciyoyi, kowace bishiyar dabino da tata, wa zai kula da kukan guda a bayan taro?

Duk wanda ya yi ƙuruciya ya iya wannan busa. Na durƙusa a gabansa na haɗa hannu na hura. Ya girgiza kai. Na sake, ya girgiza. Sai ya ɗora hannunsa na hagu a kafaɗata ya fara bugawa da yatsa, dogo, gajeru, tsayawa, dogo. Na bi. Ya buga, na bi. Ina hurawa ina kallon idonsa, mutumin da ya yi rantsuwa ba zai gaya mini ba, ga shi yana dasa mini abin a kafaɗa a gaban rabin gari, ba abin da ya rage masa. A wani karon ya matse kafaɗar da ƙarfi.

Hajja ta ɗaga kai. Ta watsar da bargunan, ta miƙa ƙafafun gaba, ta kafa kofato a tsakuwa, ta yunƙura. Gabanta ya tashi. Mutane suka fara kabbara. Bayanta bai biyo ba. Ta koma ƙasa da ƙarfi, ta sake yunƙurawa, ta ja ƙafafun baya kamar ba nata ba, ta faɗi. Maza suka ruga suka sa kafaɗa, suka tallabe ta da igiya, suka tsayar da ita, suna saki ta zube. Salwa ta tsikari bayan ƙafar da allura, ko motsi. Ta dube ni ta girgiza kai.

Amma Hajja ba ta daina ba. An ce mata ta tashi, kuma tunda take ba a taɓa ce mata haka ta ƙi ba. Ta yi ta bugun ƙasa, gwiwoyinta suka fashe, jini ya ɓata tsakuwa, numfashinta kamar zuga-zugi. Salwa ta haɗa allurar ƙarshe, wadda za ta hutar da ita har abada, amma ta ce ba za ta sami jijiya ba in dabbar ba ta natsu ba. Muka danne ta mu shida, ta watsar da mu. Na ce, "Yaya Bassu, yaya ake ce mata ta bari?" Na san amsar tun kafin in rufe baki, alamar kwanciya ai kowa ya san ta.

Idir ya ga uban yana jan jiki zuwa bakin kujera, ya kai hannu zai riƙe shi. Tuda ta kama hannun ɗanta ta ce, "Ƙyale shi."

Bassu ya tura ƙasa da ƙafarsa mai rai, ya saki jiki, ya faɗi ta dama, yadda yake koya wa 'yan wasa. Hajja ta tsaya cak. Ta miƙo wuya ta shinshine shi, ta ja jiki kaɗan, ta ɗora kanta a ƙirjinsa, ta yi shiru. Ya sa hannun hagu a kan karyayyen kunnen. Salwa ta durƙusa ta bayanta da allurar, tana kuka tana neman jijiya, ta samu.

Mun daɗe a tsaye. Azahar ta yi, ta wuce, ba wanda ya tuna da likita. Daga baya Tuda ta tsuguna kusa da kansa, ta gyara masa hula, ta ce, "Baban Idir, ta tafi. Tashi mu je." Ya dube ta, ya mai da ido kan alfadarar, bai ɗauke hannunsa ba. Sai ta zauna a kan tsakuwar, ta jawo ɗaya daga cikin bargunan ta rufe su duka biyu, ta ce mana mu je, za ta kira mu in ya shirya.